Motar Iyali Mai Gudu: A Duba Kafin A Buɗe Rumbu

A wannan karo za mu ajiye zancen taki da iri, mu yi zancen mota. Wani zai ce, ina ruwan takardar manoma da mota? Ruwanta shi ne, kuɗin motar manomi daga rumbu yake fita, ko kuwa daga asusun ƙungiya. In an yi dace, mota ta kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ta kai yara makaranta, ta kai buhu kasuwa. In ba a yi dace ba, ta cinye rumbun bana da na baɗi, sa'an nan ta kwanta a gindin mangwaro kaji suna ƙwai a cikinta. Da wuya a sami ƙauyen da ba shi da irin wannan mota, kowa kuma ya san mai ita.

Sabuwar mota dai ta fi ƙarfin yawancinmu, saboda haka zancen ta hannu muke yi. In aka zauna shawara a gida, akan sami baki uku. Maigida yana son wadda za ta kwashe iyali zuwa sujada. Uwargida tana duban but, ko zai ci buhu biyu da tukunya. Samari kuwa, musamman wanda zai riƙa tuƙi, suna son mai gudu, mai faɗin taya, wadda da an taɓa totur sai ta zabura. Sau da yawa bakin samari ne yake rinjaya, gama su suka san sunayen motoci, su ne kuma da waya a hannu.

Ba mu ga laifin samari ɗungum ba. Wanda ya taɓa bin bayan tirela a Hawan Kibo da mota cike da mutane ya san ƙarfin inji ba ado ba ne. Mota mai amsawa, mai birki mai kyau, mai zama daram a kwana, ta fi raguwar mota kiyaye rai. Sai dai motar da ake kira mai gudu a titin Jamus ko na Amurka daban take da mai gudu a hanyar ƙauyenmu. Wanda bai rarrabe su ba, shi ne yake sayen wahala da kuɗinsa.

Abin da 504 ta koya mana

Dattawa ba za su manta da Peugeot 504 ba, wadda muke kira Fijo. An fara yinta a Faransa a 1968, a 1969 kuma aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A 1975 kamfanin PAN ya soma harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, cikin Kaduna. Faransawa sun daina yin salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da 504 har bayan shekara ta 2000.

Abin da samarinmu ba su cika sani ba shi ne, motar nan ta kakanninsu motar tsere ce. A 1975 wani mutumin Suwidin mai suna Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da 504. Tsere ne na fiye da kilomita 5,000, a lokacin Ista, sa'ad da ruwa yake sauka a can, a kan burji da taɓo da duwatsu. Motocin da suka zo na biyu da na uku Lancia Stratos ne, motar tsere zalla mai injin Ferrari, wadda a kan kwalta Fijo ba za ta ko hangi ƙurarta ba. A wannan shekara kuma Hannu Mikkola, mutumin Finlan, ya ci gasar Maroko da 504. Kafin ita, yayarta 404 ta ci Safari sau huɗu, a 1963, 1966, 1967 da 1968. Gaskiya ne an ƙarfafa motocin tseren fiye da na kasuwa, amma ƙirar ɗaya ce da wadda fastoci da malaman asibiti suka yi ta shiga ƙauyuka da ita.

Me ya ba ta nasara? Cikinta ya ɗaga daga ƙasa. Sifirin da shokazoba suna da dogon wasa, in taya ta faɗa rami sai ta dawo ba tare da motar ta bugu ba. Tayar tana da kauri. Injin kuwa ba shi da sarƙaƙiya, mutum da sifana kaɗan ya iya tashinsa a bakin hanya. A mummunar hanya, motar da ba ta tsayawa ita ce mai gudu.

Ba cewa muke yi a je a nemi 504 yanzu ba. Ƙaramar cikinsu ta doshi shekara 20, yawancinsu kuwa sun ninka haka. Tsatsa ta ci bodinsu, kafireta tana zuƙar mai, kayan gyara na ainihi sun yi wuya, ba su kuma da jakar iskar nan mai tare mutum in an yi karo. Haka 505, wadda ta fito a 1979. Wanda yake da mai lafiya ya riƙe abarsa. Mai saye yau kuwa, mudun 504 zai ɗauka ya auna motocin da ke kasuwa da shi.

A fara da ciki. Kafin a je wurin dillali, a je wurin da ya fi muni a hanyar garinku, a tuna yadda yake a watan Agusta, bayan motocin itace da na gawayi sun tone gefe biyu sun bar kunya a tsakiya. Yawancin ƙananan motocin da ake kawowa, tsakanin cikinsu da ƙasa wajen santimita 15 ne ba kaya, watau bai kai tsawon hannun babban mutum daga wuyan hannu zuwa kan yatsa ba. A sa mutum biyar da buhu biyu, sai ya ragu sosai. Irin waɗanda aka yi wa ƙirar tsere kuwa, da gangan aka sauke su ƙasa, aka ƙara musu roba a gaba da gefe domin ado. Abin da dutse yake fara samu shi ne kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji. In ya fashe, mai ya tsiyaye, direba bai lura da jar fitila ba, tafiya kaɗan inji ya buga. Gyaran injin da ya buga ya isa ya cinye kuɗin makarantar yara na shekara. Kanikawa sukan ɗaga mota da roba a kan sifirin. Kaɗan yana taimako, amma in ya yi yawa mota takan yi layi a kwana, ƙafafun gaba kuma su riƙa ci da wuri.

Taya tana da rubutu a jikinta, ya kamata kowane mai saye ya iya karanta shi. In an ga 195/65 R15, lamba ta farko faɗin taya ce, ta biyu kaurin gefenta ne bisa ɗari na faɗin, ta ƙarshe girman rim. Gefen wannan taya ya kai wajen santimita 12 da rabi. Wadda samari suke so, kamar 215/45 R17, gefenta bai cika santimita 10 ba. Wannan ɗan bambanci shi ne tsakanin rami da rim. Rim na ƙarfe in ya lanƙwashe, a buga shi da guduma a ci gaba da tafiya. Na alminiyam mai ƙyalli tsagewa yake yi. Mai faci na ranar kasuwa yana iya samo maka taya mai lamba 14 ko 15, amma 17 sai an aika birni. Mu dai shawararmu, kada lambar tsakiya ta gaza 60. Akwai kuma wasu lambobi huɗu a jikin taya masu nuna ranar haihuwarta: 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Taya tana iya zama da zane mai kyau alhali ta tsufa ta bushe, irinta ce take fashewa a zafin watan Afrilu.

Filogi huɗu ko shida

Nan ne gardama takan yi zafi a gida. Kafin ƙarshen Mayu 2023, sa'ad da aka janye tallafin mai, litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Kafin 2024 ta ƙare ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Lissafin da aka yi da can ba ya aiki kuma.

Bari mu yi misali, kowa ya sa nasa lambobi. A ce iyali suna tafiyar kilomita 800 a wata. A ce mota guda tana shan lita 8 a kilomita 100, ɗayar mai filogi shida tana shan lita 12. Ta farko lita 64 ke nan a wata, ta biyu lita 96. Bambancin lita 32 ne a wata, lita 384 a shekara. In lita tana naira 900, kuɗin ya kama naira 345,600. A tambayi farashin buhun masara a kasuwarku, a raba, a ga buhu nawa ne za a ƙone kowace shekara domin a ji daɗin ƙarar inji. Dillali ya san wannan. Shi ya sa sau da yawa mai filogi shida take da araha a wurinsa, araha kuwa ba ta ado.

Honda Accord ta 2003 zuwa 2005, wadda 'yan kasuwa suke kira EOD, ita ce samari suka fi ambata. Mai filogi huɗu tana da ƙarfin doki 160, mai shida 240. Doki 160 ya ishi kowane iyali, har da saura. Mota ce mai daɗin tuƙi a kwalta, amma ba ta son gargada. Mahaɗin ƙafarta ta gaba, wanda kanikawa suke kira bol-joyin, in ya ci ba a canja ba, ko aka sa jabu, taya takan kwanta ana cikin tafiya. Wanda gidansa yake bakin kwalta, yana kuma da bakanike mai lura, ya iya sayenta. Wanda yake da kilomita 20 na burji kafin ya hau titi, ya sake tunani.

Golf 3, wadda aka yi daga 1991 zuwa 1997, kowa ya san ta a tasha, musamman doguwar. Kayanta suna ko'ina, daga Panteka ta Kaduna zuwa Ƙofar Ruwa ta Kano, yaron bakanike ma ya iya kwance ta. Matsalar ita ce samun wadda haya ba ta kashe ba. In an ga an rubuta VR6 a bayanta, filogi shida ce, a wuce. Peugeot 406, wadda ta fito a 1995, aka kuma harhaɗa ta a Kaduna daga baya, ta gaji laushin tafiya daga gidansu, tana shanye gargada da kyau. Amma tana bukatar mai gyaran waya wanda ya san ta. In babu irinsa kusa da ku, kowace ƙaramar matsala sai an ja ta zuwa birni.

In kuɗi ya kai, wadda muka fi natsuwa da ita ga iyalin manomi ita ce Toyota Matrix ta 2003 zuwa 2008, ko tagwaiyarta Pontiac Vibe. Injinsu ɗaya ne da na Corolla ta wannan zamani, filogi huɗu, ƙarfin doki wajen 130. Ƙirarsu ta samari ce, an yi su ne domin su burge matasa, amma bayansu a buɗe yake kamar wagon. Kujerun baya suna kwanciya, daɓen kuma roba ce mai tauri wadda za a share bayan an ɗauko taki ko dankali. An rufe kamfanin Pontiac a 2010, saboda haka fitila da gilashin Vibe sukan yi wuyar samu, amma kayan inji na Toyota ne. A cikinsu ma akwai na tsere, Matrix XRS da Vibe GT, masu doki wajen 180, waɗanda aka yi domin fetur mai daraja ta sama. A bar wa 'yan birni su. Cikin Matrix bai fi na sauran tsawo da yawa ba, don haka awon da muka faɗa a sama yana nan a kanta. Toyota tana da tsada a saye, amma ranar da bukata ta taso aka kai ta kasuwa ba ta kwana.

Dukan motocin nan na mutum biyar ne, gama bel biyar ke ciki. Gidan da yake da mutum takwas, zancen gudu bai taso ba, sai a dubi Sienna ko Sharan. Mun san yadda ake cusa yara huɗu a baya da biyu a gaba ranar taron zumunta. Allah yana kiyayewa, amma bai ce a gwada shi ba.

A kan giya, ta hannu ta fi dacewa da ƙauye. In batir ya mutu a tura, in kuloci ya ci kowa ya iya canjawa. Otomatik ba ta turuwa, tana da irin man da take sha, in ta lalace kuwa yawanci sai an sayi wata. Motocin Amurka galibi otomatik ne, saboda haka in ita aka samu, a zaro sandar man giya a duba. Ja mai haske lafiya. Baƙi mai warin ƙuna, a yi sallama.

Ranar dubawa

A je da sassafe, a ce kada a ta da motar kafin ku iso. A taɓa inji a ji ko da sanyi, gama injin da ya gaji da safe yake tona kansa. A je da bakaniken da zai riƙa gyaranta a gida, a biya shi kuɗin yininsa. Bakaniken da dillali ya kawo, la'adarsa tana cikin cinikin.

A murɗa makulli ba tare da an ta da inji ba. Dole dukan fitilun gaban direba su kama, sa'an nan su mutu bayan inji ya tashi. In fitilar inji ko ta jakar iska ba ta kama ba sam, wani ya cire ƙwanta domin ya ɓoye cuta. A buɗe murfin baƙin mai. In an ga abu kamar madara ko kunu, ruwa yana shiga inji. A sa wani ya tsaya a baya: hayaƙi shuɗi alamar inji yana ƙona baƙin mai ne. A leƙa ƙarƙashi a ga ko tukunyar tace hayaƙi, wadda kanikawa suke kira indomi, tana nan, gama akan sare ta a sayar. A bi jikin bodi da maganaɗisu. Inda bai kama ba, an cike wurin da ƙwaɓin fanbita an shafe da fenti.

Motocin da ake kawowa daga Amurka, da yawa daga gwanjon motocin haɗari suke fitowa. Wasu kuma ruwa ne ya ci su. Guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017 sun nutsar da dubun dubatar motoci, irin wannan ambaliya kuwa ba ta daina aukuwa ba. Motar da ta sha ruwa tana iya tafiya lafiya wata shida, daga nan wayoyinta su soma ruɓewa ɗaya bayan ɗaya. A ɗaga kafet, a duba ramin safaya, a jawo bel har ƙarshe, a duba ƙarfen ƙarƙashin kujera. Busasshen taɓo, tsatsa, ko warin rima da aka danne da turare, duk shaida ne.

Lambar shasi tana da harufa da lambobi 17. A motar da aka yi domin Amurka, na goma a jeri yana nuna shekararta: Y ita ce 2000, 1 zuwa 9 su ne 2001 zuwa 2009, A ita ce 2010. Muna faɗin wannan ne domin akan canja fitilu da bamba a mai da tsohuwa yarinya. Agogon tafiya kuwa, na Amurka da mil yake ƙirga, mil guda kilomita 1.6 ne, ana kuma iya mai da shi baya. Robar birki da sitiyari da kujerar direba sun fi agogo faɗin gaskiya. Tun 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyari a hagu. Motar da aka juya wa sitiyari daga dama, kome arahar ta, kada a saya.

Sa'an nan a tuƙa ta. Ba zagayen unguwa ba, a nemi gargada, a sa mutum huɗu a ciki, a kashe rediyo a saurara.

Kuɗi da takardu

Ubangijinmu ya ba da misalin mai gini da ya kamata ya fara zama ya yi lissafi, a Luka 14:28. Mota ta fi gini bukatar wannan. Kada a kashe dukan abin da aka tara a kan farashi. A ware kashi ɗaya cikin huɗu a ajiye, gama motar hannu ba ta zuwa ita kaɗai. Tana zuwa da bukatar taya, da batir, da shokazoba, da canjin suna. In kuɗin da ya rage bai isa motar da ake so ba, to, ba a isa sayenta ba tukuna.

Disamba ba watan sayen mota ba ne ga manomi. Hatsi yana ƙasa saboda kowa yana sayarwa, mota tana sama saboda kowa yana so ya shiga gari da ita ran Kirsimati. Asara biyu ke nan a ciniki guda. Ga shugabannin ƙungiya kuwa, rancen da aka ware domin taki da iri ba na mota ba ne. In ɗan ƙungiya yana son rancen mota, a kawo maganar a fili gaban taro, a rubuta yadda zai biya in damina ba ta yi kyau ba. Motar iyali ba ta haihuwa kamar saniya, kowace shekara darajarta raguwa take yi.

A nemi takardar kwastan ta asali, a kai ofishinsu a tabbatar lambar shasin da ke takarda ita ce a jikin mota. Tun Janairu 2017 da gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, motoci da yawa sun biyo ta daji da takardun bogi, in an kama kuwa mai motar ne a ciki, ba dillali ba. In motar ta yi aiki a nan gida, a ga mai ita ido da ido, a ga sunansa a takardar mallaka, a bincika wurin 'yan sanda ko ba ta sata ba ce. Inshorar dole ta motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairu 2023. A yanke ta a kamfanin inshora, ba a hannun yaran bakin ofishin lasin ba. A rubuta yarjejeniyar ciniki da lambar shasi da ta inji, shaidu biyu daga kowane gefe su sa hannu, a biya ta banki domin shaida ta zauna. Ko ɗan'uwa cikin ikkilisiya ne mai sayarwa, a rubuta. Takarda ba ta ɓata zumunci, rashinta ne yake kai magana gaban dattawa.

In mota ta iso gida, kafin a kai ta a yi addu'ar godiya, a kai ta gareji. A juye baƙin mai da matatarsa, a duba birki da man birki, a wanke lagireto. A tambayi bakanike ko injin da sarƙa yake aiki ko da bel. Corolla da Matrix da Accord mai filogi huɗu sarƙa ce. Golf 3 mai filogi huɗu da 406 da Accord mai filogi shida bel ne, in ya tsinke ana tafiya kuwa, a injuna da yawa bawul yakan lanƙwashe. Tun da ba wanda ya san ranar da aka sa wanda ke ciki, a canja shi a makon farko, a sayi ƙaramin littafi a rubuta ranar da lambar agogo, a ajiye shi a aljihun mota.